Manoma, Mu Ceci Numfashinmu Daga Ƙurar Fumfuna!

 Iyayenmu maza da iyayenmu mata, matasa majiya ƙarfi, masu sussuka da masu shiƙa, masu dakon buhu da masu tsaron injin niƙa, ku matso kusa. Maganar numfashi ce. Maganar tarin nan ce da ke tashi duk kaka, ya lafa, ya sake tashi ranar da aka buɗe rumbu.

Kun san shi. Babu garin da babu mai shi. Mutum ya shiga rumbu lafiyarsa ƙalau, ya fito yana atishawa ba ƙaƙƙautawa. Hanci na yoyo. Ido ya yi ja yana ƙaiƙayi. Dare ya yi, ƙirji ya ɗaure, numfashi na fita da kuka. Ba ya iya kwanciya sai dai ya kwana a jingine da bango. Da safe a ce sanyi ne ya kama shi. Wani ya ce mura ce. Wata ta ce sammu ne, ai an ga ya cika rumbu biyu bana. A jiƙa saiwa, a yi hayaƙi, a sayo ƙwayoyi a kemis. Baɗi war haka kuma a sake.

'Yan uwa, mu kira abin da sunansa. Sau da yawa fumfuna ce.

Fumfunar nan da muke gani a kan goyon masarar da ruwa ya doka, wadda ke fitowa kore ko baƙa ko fara a kan gyaɗa, a kan harawa, a gindin damin gero, a jikin bangon ɗakin da ke jan danshi, halitta ce mai rai. Tana ci, tana girma, tana zubar da iri. Irin nata ne ke tashi idan aka motsa dami aka ga wata ƙura mai kama da hayaƙi, mai warin ruma. Ƙwayar irin nau'in da masana ke kira Asfajilus faɗinta bai wuce maikiron 2 zuwa 3 ba, alhali silin gashin kai guda yana kai maikiron 70. Gashin hanci ba ya tare ta. Tana wucewa maƙogwaro, ta wuce bututun iska, ta sauka can ƙuryar huhu. Kuma ba ɗaya-ɗaya take shiga ba. Wanda ya kwance ruɓaɓɓiyar harawa a ɗakin da babu taga yana shaƙar miliyoyinta cikin ɗan lokaci.

To, ga inda ake zaluntar mutane. Wa da ƙane su yi aiki ɗaya, a rumbu ɗaya, rana ɗaya. Wan ko tari bai yi ba. Ƙanen ya kwana yana haki. Sai a ce ƙanen rago ne, gudun aiki yake yi. A ce wa matar gida ta cika raki, ga kishiyarta nan tana ta shiƙa ba ta ce komai ba. Wannan ba gaskiya ba ce, kuma mu daina faɗa! Jiki daban-daban ne. Akwai jikin da garkuwarsa ke ɗaukar irin fumfuna a matsayin maƙiyi. Da zarar ya shiga, sai jikin ya tayar da yaƙi: hanyar iska ta kumbura, ta tsuke, majina ta taru. Shi ne borin jikin da likitoci ke cewa alaji. Yana bin dangi. Yakan fara da hanci da ido, ya gangara ƙirji ya zama asma. Kuma duk shekarar da aka ƙara shaƙa, jikin na iya ƙara tsananta faɗan.

Asma ba wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, kuma ta yi ajalin mutum 455,000. Mafi yawan waɗanda ta kashe a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, irin namu, inda ba a gano ta da wuri, ba a kuma samun maganinta a hannu. Likitocin ƙirji sun daɗe da lura cewa mai asmar da jikinsa ke bori da fumfuna, tasa takan fi tsanani, takan fi kai shi gadon asibiti.

Akwai kuma wani ciwon da ya fi wannan ɓoye kama. Ku saurara da kyau, domin shi ne aka fi ruɗewa a kansa.

Manomi ya yini yana gyara rumbu, ko yana warware harawar da ta yi zafi a tsakiya. Lokacin aikin bai ji komai ba. Ya yi wanka, ya ci tuwo. Bayan awa 4 zuwa 8, sai zazzaɓi ya rufe shi. Jiki na rawa, gaɓɓai na ciwo, ga busasshen tari, ga numfashi sama-sama. Me kowa zai ce? Zazzaɓin cizon sauro! A ba shi maganin zazzaɓi. Bayan kwana biyu ya warware, a ce magani ya yi aiki. Alhali nisantar ƙurar ne ya warkar da shi. Ya koma rumbun, ciwon ya dawo. Wannan shi ake kira huhun manomi. Fumfuna ke jawo shi, tare da wasu ƙwayoyin halitta masu son zafi da ke yaɗuwa cikin ciyawa da hatsin da aka tara da danshi. Idan ana maimaita shi shekara da shekaru, huhu na yin tabo. Tabon huhu kuwa ba ya gogewa. Shi ya sa za ka ga ƙaƙƙarfan manomi, bai wuce shekara hamsin ba, ya kasa kaiwa masallaci sai ya tsaya ya huta a hanya.

Ba yau aka san wannan ba. Wani likita ɗan Italiya mai suna Ramazzini, wanda littafinsa kan cututtukan masu sana'o'i ya fara fitowa a 1700, ya yi bayanin tari da haki da ke addabar masu tankaɗe da awon hatsi. A 1932 wani likita mai suna Campbell ya bayyana ciwon a jikin ma'aikatan gona a arewacin Ingila, waɗanda suka yi aiki da ciyawar da aka tara bayan damina mai yawan ruwa. Daga baya Birtaniya ta sanya shi cikin cututtukan aiki da ake biyan diyya a kansu. Can diyya ake biya. Mu a nan ko sunansa ba a gaya wa mai shi.

Kuma mu ne ya kamata mu fi kowa damuwa a yanzu. Ku dubi yadda kakarmu ta koma. Ana girbe gero da masara mai saurin nuna tun cikin Agusta da Satumba, sama na zubar da ruwa. Ruwan ƙarshe yakan faɗo a kan gyaɗar da aka tuge aka baza. A wurare da yawa na Zamfara da Katsina da Kaduna, tsoron 'yan bindiga da ɓarayin gona ya sa manomi ba ya iya barin amfaninsa ya bushe a karansa. Kwashewa yake da gaggawa, ya jibge a ɗaki, ya rufe ƙofa. Wa zai ga laifinsa? Amma danshin da ya shigo da shi gida, shi ne abincin fumfuna. Ga kuma ambaliya. Wadda ta mamaye Jigawa da wasu jihohi a 2022, da ta Maiduguri a Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, da wadda ta auka wa Maraɗi a shekarar ta 2024, duk sun bar bango jiƙe, katifa jiƙe, buhuna jiƙe. Ruwa ya janye, fumfuna ta zauna.

To me za mu yi? Da yawa! Kuma mafi yawansa ba ya buƙatar kuɗi.

Mu busar. Mu busar. Mu ƙara busarwa! Fumfuna ba ta rayuwa sai da laima. Hatsin da danshinsa ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100 ya fi ƙarfinta. Kada ka shanya a kan ƙasa tsirara, ƙasa na mayar da danshi, kuma a cikinta irin fumfunar yake tun asali. Shimfiɗa tamfol, ko tabarma, ko ka yi rumfar shanya. Baza shi ba kauri. Riƙa juyawa. Yamma ta yi, tattara ka rufe, kada raɓa ta warware aikin rana. Kafin ka zuba a buhu, ciji ƙwaya. Idan ta fashe ƙas, ta yi. Idan haƙori ya nutse, da sauranta. Ga wata dabarar da malaman gona ke koyarwa: sami busasshiyar kwalba, zuba busasshen gishiri da ɗan hatsin, rufe, girgiza sosai, ka ajiye ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai bushe ba. Mayar da shi rana.

Ka gyara rumbu kafin sabon hatsi ya shiga. Fitar da ragowar bara, kada ka haɗa tsoho da sabo. Toshe tsaguwa, sabunta jinka, ɗaga gindinsa daga ƙasa. Mai sito, jera buhu a kan katako, ka bar rata tsakaninsa da bango, ka bar iska ta ratsa. Buhunan nan masu leda biyu a ciki, waɗanda ake kira PICS, da aka fara yaɗa su a Najeriya da Nijar don adana wake, suna da amfani ƙwarai. Amma ku ji: buhun ba ya busar da hatsi. Abin da ya bushe kaɗai ake ɗaurewa a ciki.

Masu harawa, da ku nake. Kada a ɗaure harawar gyaɗa ko ta wake tana da sauran ɗanyenta. Kada a jibge ta a ƙasa. A ɗora ta bisa, inda iska ke kaɗawa. Ka tura hannu tsakiyar tarin. Idan ka ji ɗumi, ta fara lalacewa, warware ta a fili tun yau. Masu kiwon kaji, buntun shinkafa ko garin katakon da kuke shimfiɗawa, idan ya jiƙe ya dunƙule, ku kwashe shi. Fumfunar da ke cikinsa tana kashe 'yan tsaki da ciwon huhu, kuma iskar da suke shaƙa ita kuke shaƙa.

Sai ranar aiki. Ka buɗe rumbu ko sito, ka ja da baya. Bar shi ya sha iska tukuna. Kada ka tura yaro ciki don shi ne ƙofar ta fi yi wa daidai. Huhun yaro bai gama ƙwari ba! Sussuka da shiƙa da casa, a yi su a fili, iska na bugun bayanka, tana tafiya da ƙurar gaba, ba cikin gida ba. Za ka share sito? Yayyafa ruwa kaɗan tukuna, kada tsintsiya ta tayar da abin da ya kwanta. Ka rufe hanci da baki. Rawani da gefen mayafi suna tare ƙaiƙayi da babbar ƙura, kuma sun fi babu, amma ƙwayar irin fumfuna tana ratsa su. Takunkumin da ake kira N95, wanda muka sani tun lokacin korona, shi ne ke tare ta, idan ya zauna daidai a fuska ba rata. Kuɗinsa bai kai na kwana ɗaya a asibiti ba. An gama aiki, a tuɓe kayan a waje, a wanke, a yi wanka. Kada a kakkaɓe rigar sussuka a ɗakin da yara ke kwana.

Kuma a daina kwana da buhu. Na san dalilin. Tsoron ɓarawo ne, da ƙarancin ɗaki. Amma mai asma da buhun masara ba sa kwana ɗaki ɗaya. A nemi wata dabara.

Iyayenmu mata, nauyin nan a kanku ya fi sauka, ko da ba a faɗa. Ku ke surfe, ku ke shiƙa, ku ke tankaɗe, ku ke ɓarar gyaɗa, ku ke turara shinkafa a Kura da sauran garuruwan fadama. Kuma hatsin da ya fi lalacewa, wanda kasuwa ta ƙi, shi ake kawo muku ku gyara don tukunyar gida. Don Allah, ku sauke goyo kafin ku ɗauki faifai. Jaririn da ke bayanki yana shaƙar duk abin da kika shaƙa. Ba da shi a riƙe miki can nesa, inda iska ba ta kai masa. Ki ɗaure hancinki. Idan aikin na tayar miki da ƙirji, ki faɗa. Ba kunya ba ce. Ku kuma magidanta, idan ta faɗa, ku ji. A canza mata aiki. Hayaƙin murhu ma ya ishe ta.

Abin da ya riga ya yi fumfuna fa? A tsince a ware. Kada a ce wankewa ko dafawa zai gyara shi. Wannan fumfunar ta masara da gyaɗa tana fitar da guba mai suna afulatoksin, wadda wuta ba ta kashe ta, tana lalata hanta, tana tauye girman yara. A Kenya a 2004, masarar da ta gurɓace da ita ta kwantar da mutum 317, ta kashe 125. Kada kuma a zuba wa saniyar tatsa, gubar na fita a nono. A haƙa rami a binne. Cibiyar IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gonar masara da gyaɗa makonni kaɗan kafin su yi fure, don rage wannan guba. Ku tambayi malamin gona.

Yanzu maganar asibiti, kuma a nan nake roƙonku ku buɗe kunne.

Idan ka je, kada ka tsaya a “ina tari” kawai. Ka gaya wa likita sana'arka. Ka ce masa, “Likita, duk ranar da na shiga rumbu, da dare sai zazzaɓi.” Ki ce masa, “Duk kaka ƙirjina ke ɗaurewa, idan na yi tafiya gidan 'yar uwata sai na ji sauƙi.” Wannan 'yar maganar takan nuna masa hanya fiye da gwaji da yawa. Ku kuma ma'aikatan lafiya na karkara, ku riƙa tambaya. Ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Idan gwajin jini bai nuna shi ba, ga tari, ga haki, ku tambayi mutum aikin da ya yi jiya.

Tarin da ya kai mako biyu, a je a gwada kaki. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Kuma ga wani abu da ya kamata kowane gida ya sani. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ya sha magani wata shida ya gama, huhunsa kan bar rami. Fumfunar Asfajilus na iya shiga ramin nan ta zauna ta yi girma. Sai tari ya dawo, wani lokaci da jini, ga rama, ga kasala. A gwada kaki ba a ga tarin fuka ba, amma a sake ɗora shi kan maganin. Ba zai ji sauƙi ba, domin maganin fumfuna daban ne. Irin wannan mara lafiya a kai shi babban asibiti, a yi hoton ƙirji da gwajin jini. Akwai asibitocin koyarwa a Kano da Shika da Sakkwato da Maiduguri, akwai manyan asibitoci a Yamai da Damagaram da Maraɗi. Kuma duk wanda ya taɓa yin tarin fuka, a raba shi da ƙurar rumbu da ta harawa.

Ku bar tsoron abin shaƙa. Ana yaɗa cewa wanda ya fara amfani da inhela ba zai rabu da ita ba, ko kuma ciwonsa ya kai ƙarshe. Ƙarya ce, kuma ƙaryar nan tana kashe mutane! Inhela na kai magani kai tsaye inda ciwon yake, da ɗan kaɗan. Akwai ta buɗe ƙirji lokacin da ya ɗaure, akwai ta kullum mai hana shi ɗaurewa. Likita ne zai zaɓa maka, ya nuna maka yadda ake shaƙa. Abin tsoro na gaskiya shi ne ƙwayoyin nan irin su deksametazon da ake saye a kemis ana haɗiya wata da watanni. Suna kawo sauƙi nan take, gaskiya ne. Amma shan su ba bisa ƙa'ida ba na jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki. Mai shan taba kuma, ka sani kana ƙara wa huhunka kaya. Idan kuwa mutum ya kasa haɗa magana saboda haki, ko leɓensa ya canza launi, ba a jiran gari ya waye. A ɗauke shi nan take!

Wannan aiki ba na mutum ɗaya ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sarkin noma, ka tara mutanenka kafin girbi. Ƙungiyoyin manoma, yadda kuke haɗa kuɗin taki, ku haɗa na tamfol da takunkumi. Ku gina dandamalin shanya na siminti guda a gari, kowa ya amfana. Limamai, ku saka shi a huɗuba, kiyaye lafiya amana ce. Masu unguwanni da dagatai, ku sa a yi shela. Gidajen rediyo, ku ba shi fili a shirin noma. 'Yan kasuwar hatsi na Dawanau da Funtuwa da Saminaka da Maraɗi, 'yan dakon da ke juye muku buhu daga safe zuwa magariba 'ya'yan wasu ne. Ku saya musu takunkumi. Ku buɗe wa sito taga. Ku daina sayen ɗanyen kaya don araha. Masu injin niƙa da injin casa, ku fitar da bututun ƙura waje, ku kare yaran da ke muku aiki. Hukumomin gona da na lafiya na jihohi, ku haɗa kai, ku tura malamin gona da ma'aikacin lafiya kasuwa ɗaya, rana ɗaya, su yi wa jama'a bayani da harshen da suke ji.

Kai ɗan makaranta da ke karanta wannan, ka karanta wa babanka. Ke 'yar uwa, ki kai maganar gidan suna da gidan biki. Kai matashi mai waya a hannu, ka naɗi muryarka ka tura wa 'yan garinku.

Kada mu jira kaka ta zo. Yau ɗin nan, leƙa rumbunka. Shinshina. Tura hannu cikin harawa. Fitar da buhu daga ɗakin kwana. Kuma idan akwai wani a gidanka da ke kwana a zaune saboda ƙirji, ka kama hannunsa ka kai shi asibiti a makon nan, ka gaya wa likita aikin da yake yi.